Ƙasar da Ta Narke a Dembe

Kwale-kwalen da ya tsallako da ni daga Kusiri bai gama taɓa gaɓar Njamena ba, wani mutum ya riga ya riƙe akwatina. Dogo ne mai fara'a, Hausarsa tas kamar yau ya baro Damagaram. Ya ce Alhaji Abakar, mutumin da na zo wurinsa, shi ya aiko shi ya tarye ni, har ya kira ni injiniya. Shekara biyu ina yawon neman aiki a Kano babu wanda ya taɓa kirana da wannan suna, don haka nan da nan na saki jiki. Ya ce in tsaya in nuna wa masu bindigar bakin ruwa takarduna, shi zai kai kayan mota. Har yau bai dawo ba. Daga baya na gane a cikin kwale-kwalen ya ji komai, domin tun daga wancan ƙetaren bakina bai yi shiru ba.

Ba tufafin suka dame ni ba. A cikin akwatin akwai ma'aunan zafin ƙasa masu dogayen wayoyi, waɗanda na ɗauko tun daga Rasha ina lallaɓa su kamar ƙwai. Na tsaya a rana ina zagin kaina da Hausa da Rashanci, masu bindigar suna kallona suna shan shayinsu.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don kowa ya ji sai ya yi dariya, gara a yi ta yanzu a gama. An tura ni Rasha ne in karanto ilimin ƙasa da ruwa, sai rabo ya jefa ni hannun wata tsohuwar malama wadda ba ta da zance sai na ƙasa mai ƙanƙara. A can arewacin ƙasarsu akwai inda ƙasa take a daskare tun kafin kakannin kakanni, ta yi tauri kamar dutse, zurfinta ya wuce na kowace rijiya. Samanta kaɗai ke narkewa in lokacin zafinsu ya zo, sannan ya sake daskarewa. Aikina shi ne lissafin wannan. A ba ni zafin iska, da irin ƙasar, da yawan ruwan da ta sha, in faɗi iya zurfin da narkewar za ta kai da lokacin da za ta kai can. Mukan zuba lissafin a wata na'ura mai cika ɗaki, sannan mu fita daji mu soka sandar ƙarfe a ƙasa mu ga ko na'urar ta faɗi gaskiya. Inda sandar ta tsaya ƙam, nan ƙanƙara ta fara. Mutanen can kan dogayen ƙafafu suke ɗora gidajensu, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da abin da ke riƙe da su.

Da wannan ilimi na dawo Kano. Wani babban ma'aikaci ya karanta takarduna, ya cire tabarau, ya ce in dawo ranar da Dutsen Dala ya daskare. Ina cikin wannan hali wani falken shanu ya ba ni labarin ɗakin sanyin nama a Njamena da ƙasansa ke kumbura ba dalili, an yi yanka an yi rubutu duk a banza. Ban ma jira ya gama ba na tambaye shi hanya. Na san ana harbe-harbe a garin lokaci lokaci, amma zaman banza ya riga ya ci mini rai.

A ƙafa na isa unguwar Dembe, ina tambaya da hannu tunda ba na jin Larabcinsu. Ɗakin sanyin yana bayan kasuwa, gini ne na siminti tun zamanin Faransa, bangonsa mai kauri, babu taga ko ɗaya, sai ƙofar ƙarfe. Alhaji Abakar ya gaje shi daga mahaifinsa. Gajere ne, mai son turare, Hausarsa rabi Larabci.

"Injiniya, afe, lafiya? Shigo ka gani da idonka," ya ce. "Ɗakin nan ciki gare shi, shekara da shekaru ya ƙi haihuwa."

Gaskiya ya faɗa. Daɓen ya taso a tsakiya kamar tudun dawa, ya tsattsage, ginshiƙan da ke riƙe da rufin sun ɗan karkace, ƙofar kuwa ta daina rufuwa sai an cusa buhuna. Na durƙusa na zura hannu cikin wata tsaga. Abin da yatsuna suka taɓa ya sa na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a bariki. Na yi masa bayani: sanyin injin ya daɗe yana ratsa daɓen yana shiga ƙasa, ƙasar kuma laka ce mai shan ruwan kogin Shari. Ruwan ya daskare, ya kumbura, ya ɗaga ɗakin da ginshiƙansa.

"Ɗakinka a kan ƙanƙara yake zaune, Alhaji."

"Ƙanƙara? A Chadi?"

Mahautan da ke tsaye suka kwashe da dariya. Na ce gyaransa sai a hankali, a tokare rufin, a riƙa rage sanyin kaɗan kaɗan har shekara ta zagayo. Abin da ba a so shi ne a kashe injin farat ɗaya. Alhaji ya ce, "Kalas, shi ke nan, wa zai kashe? Nama ne fa a ciki."

Wanda ya fi kowa dariya a ranar shi ne Baba Garba, shugaban mahautan wurin, kuma shi ya ɗauke ni ya kai ni gidansa da ya ji ba ni da ko rigar sauyi. Kakansa ne ya zo daga Katsina da shanu ya zauna. Babban mutum ne mai ƙaton wuya, ba ya magana a hankali ko a masallaci. Shi ya raɗa mini Ɗan Rasha, sunan ya bi ni har yara. Matarsa, Inna Zuwaira, ba ta da yawan magana. Ranar da ta ga na tsura wa miyar kifinsu ido na kasa ci, washegari sai ga tuwon dawa da miyar kuka har da daddawa. Na ci ina tuna tsakar gidanmu a Kano, hawaye na neman kunyata ni a gaban mutane.

Da na gaya wa Baba Garba an sace ma'aunaina, ya tambaye ni ko babu wata dabara. Na kwatanta masa sandar ƙarfe. Ya ja ni wurin maƙeri, aka ƙera mini ɗaya mai tsawon mutum da mariƙi a sama. Na huda ramuka a daɓen, kullum in soka in auna, in koma gefe in yi ta lissafi da hannu a bayan takardar buhun siminti, abin da na'ura ke yi kafin a sha shayi ni in kwana biyu a kai. Garin kuwa ba ya barin mutum ya natsu. Kowane titi da nasa masu bindigar, kombatan ake ce musu, takardar da ta wuce da kai a nan ita za ta sa a tsare ka a gaba. Ban taɓa zama na gama cin abinci ba tare da na tashi na leƙa waje ba.

Zafi ya fara tsanani lokacin da abin ya ɓarke gaba ɗaya. Da safe muka ji manyan bindigogi daga tsakiyar gari, kafin azahar wutar lantarki ta ɗauke, kuran ɗin da bai sake dawowa ba. Alhaji ya tayar da gurup, wato janareto, ya yi ta ruri har man gazuwal ɗinsa ya ƙare, sannan ɗakin ya yi tsit. Gidajen unguwar na ƙasa ne, harsashi na ratsa su kamar wuƙa a kabewa, don haka mutane suka fara tururuwa zuwa gini mai kaurin bango. Alhaji, Allah ya saka masa, bai hana kowa ba. Mata da yara suka shimfiɗa tabarmi a tsakiya, gindin ginshiƙai, inda ya fi sanyi. Maza muka zauna wajen ƙofa.

Na zauna na yi lissafi. In an bar ɗakin yadda yake, narkewar ba za ta kai ƙasan ginshiƙan ba sai bayan damina. Na tashi na sanar da haka da ƙarfi, ina jin kaina. Na lissafa iska, na lissafa laka, har numfashin mutane na sa a ciki. Mahauta ne kawai ban lissafa ba.

Naman da ke rataye ya fara saki yana ɗiga. Mahauci kuwa zai iya kallon gidansa na ci da wuta, amma ba zai iya kallon nama na ruɓewa ba. Baba Garba ya ce a yi banda. Suka fara a tsakar fili, sai wani abu ya faɗo bayan katanga ya watsa musu ƙasa a ido. Suka kwaso gawayinsu suka shigo ciki. Suka cire fankokin injin daga kafofin bango don hayaƙi ya fita, sannan suka dubi tsagogin nan na daɓe, dogaye masu zurfi, suka ga murhu ne Allah ya haƙa musu. Na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da garwashi jajir a cikin kowace tsaga, nama jere a kan waya.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. "Baba, wuta kuka sa a kan ƙanƙarar da ke riƙe da rufin nan! Ku kashe, don girman Allah!"

Baba Garba ko juyowa bai yi ba. "Ɗan Rasha, dubi yaran can. In naman nan ya lalace lissafi za ka dafa musu?"

Maganarsa ta ƙara ba ni haushi. Kasuwa ta watse, babu gero babu shinkafa, naman nan shi ne abincin kowa. Na roƙa a mayar da wutar bakin ƙofa, aka ce nan ne harsashi ke shigowa. Mata kuma duk ruwan wanke-wanke a tsagogin suke zubarwa, tunda nan yake shanyewa. Na bi su ina magiya har wata tsohuwa ta ce a yi mini tofi, zafi ya taɓa ni.

Na koma ga sandata. Da farko taƙi ɗaya take shiga ta tsaya. Sai ta kai kamu. Sai ta kai ƙuguna, in na zaro ta ta fito da taɓo mai ruwa. Na sake lissafin da wuta a ciki, na sake, na kuma sakewa ko zan kama kaina da kuskure. Damina ta fita daga zancen, abin ya dawo na makonni, watakila ma bai kai ba. Na kasa zama, na kasa kwanciya, ina ta zagaya ginshiƙan ina ɗaga kai, yara na bina suna kwaikwayon tafiyata.

Sai wata safiya ƙofar ƙarfen nan da ta yi shekaru ba ta rufuwa ta rufu da kanta, ruf. Mutane suka yi ta kabbara. Alhaji ya zo ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"Ka gani, injiniya? Cikin ya sace. Ɗaki ya warke."

"Alhaji, ba warkewa ya yi ba, nutsewa yake. Ƙanƙarar da ta ɗaga shi ta zama ruwa. Ginshiƙan nan a kan kunu suke tsaye. Mu fitar da mutanen nan."

Fuskarsa ta sauya. "Mu fitar da su ina? A waje harsashi, a ciki lissafi. Harsashi na gan shi da idona, ya kashe maƙwabcina. Lissafinka ban gan shi ba. Kai baƙo ne kawai, sakit, gobe ka koma garinku. In na fitar da matan mutane aka harbe su, wa za a tambaya?"

Na je na kamo hannun Baba Garba, na ja shi har gindin ginshiƙin tsakiya, daidai inda Inna Zuwaira ke shimfiɗa tabarmarta da jikokinta. Na ɗage tabarmar, na ba shi sandar.

"Baba, ranar da aka ƙera ta kai ka fara gwadawa a nan, ka ce kamar ka soki dutse. Soka yanzu."

Ya riƙe ta da hannu biyu zai danna da ƙarfi, sai ta sulale ta tafi da kanta har mariƙi, saura kaɗan ya kifa. Ya zaro ta a hankali, ya shafi taɓon, ya murza a yatsu. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, inda wani siririn yashi ke zubowa. Ranar ce kaɗai na ji ya yi magana a hankali.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ni dai zan fitar da nawa."

Da shugaban mahauta ya ɗaure kayansa, babu wanda ya tsaya. Alhaji ma ya biyo mu daga ƙarshe, yana waiwayen ƙofarsa, bai ko dube ni ba.

Da tsakar rana muka fita, lokacin da kombatan kan lafa su ci abinci. Aka ɗaura farin mayafi a kan sandata, aka ba ni in riƙe a gaba tunda ni na jawo tafiyar. Muka bi lunguna muka nufi unguwar Sabangali ta bakin kogi, inda aka ce masu kwale-kwale na tsallakar da mutane. Ba zan kwatanta abin da muka wuce a hanya ba, iyaye mata dai suna rufe wa yara ido da tafin hannu. A wani shinge kombatan suka karɓe rabin naman, wani yaron soja kuma ya ga jaririya na kuka ya miƙo mata gorar ruwansa. Baba Garba na can baya, ya goya tsohuwar nan da ta ce a yi mini tofi, yana tsokanarta wai ta fi bijimi nauyi.

Muna hango ruwa harbi ya tashi daga bayanmu. Ba mu ake nufi ba, tsakaninsu ne, amma kowa ya zube. Da abin ya lafa muka miƙe, Baba Garba bai miƙe ba. Tsohuwar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ya samu ya ce a tsallakar da yaran tukuna, kafin kwale-kwale ya dawo ɗaukarmu ya cika. A Kusiri muka binne shi.

Zaman Kusiri ya fi mini duk abin da ya wuce wuya. Dubban mutane a fili, rumfunan zana da buhu, layin ruwa, layin hatsi. Babu wanda ya ce mini kai ka jawo, kuma da sun faɗa da na fi samun sauƙi. In na zo majalisar mahauta sai hira ta mutu. Inna Zuwaira tana takaba a wata rumfa, kullum sai ta aiko mini da abinci, amma ko sau ɗaya ba ta aiko a kira ni ba. Hanyar gida a buɗe take, motoci na tashi zuwa Maiduguri, sau biyu ina zuwa tasha ina dawowa.

Kullum ina bakin kogi ina kallon hayaƙin Njamena. Duk wanda ya tsallako daga wajen Dembe sai na tare shi. Amsar ɗaya ce: "Ɗakin Alhaji? Yana nan tsaye, jiya na wuce shi." Sai in durƙusa in sake lissafin da tsinke a kan yashi. Ko lakar ba ta kai yadda na zata ba? Ko ginshiƙan sun yi zurfin da ban sani ba? In haka ne, na fitar da mutane daga inuwa na kai mutumin da ya ciyar da ni gaban harsashi saboda takardar buhun siminti. Na kai matsayin da in na yi sujada abin da nake roƙo shi ne ginin ya faɗi. Na ji kunyar wannan addu'a, amma ban daina ba.

Da aka sami 'yar lafawa, masu ƙarfin hali suka fara tsallakawa duba gidajensu. Alhaji ya aiko a ce mini in zan je in zo. Muka tsallaka tare har Dembe. Daga nesa na hango ginin, bangonsa huɗu a tsaye lafiya lau. Ƙofar ta ƙi buɗuwa ko da muka haɗa ƙarfi. Muka jingina wani tsohon amalanke, na hau na leƙa ta kafar fanka.

Sama na gani. Rufin gaba ɗaya ya rufta ciki. Ginshiƙan tsakiya sun nutse har rabi cikin wani baƙin taɓo, sun kwanta kan juna, ɓangaren rufin siminti mai nauyin mota ya danne daidai inda mata ke kwana. Gefen wata tabarma na leƙowa daga ƙarƙashinsa. Masu wucewa bango kawai suke gani.

Na sauko na ba Alhaji wuri. Ya hau ya daɗe yana kallo. Da ya sauko sai ya zauna a ƙasa da farar rigarsa yana salati, yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na ji abin da na yi makonni ina roƙo ya samu, amma babu daɗi a cikinsa ko kaɗan.

Da yamma muka koma Kusiri. Ban tsaya ko wanke ƙafa ba na wuce rumfar Inna Zuwaira, na yi sallama na durƙusa daga waje. Na ji muryarta ta bayan zana.

"Ɗan Rasha ne?"

"Ni ne, Inna."

"An ce kun tsallaka."

"Mun tsallaka."

"Kada ka rarrashe ni, ka faɗa mini abin da ka gani. Ya faɗi?"

"Ya faɗi, Inna. A kan shimfiɗarki da ta yaran."

Na ji ta ja dogon numfashi. Jikokin suna wasa a bayan rumfar, ƙaramar tana ta ƙyalƙyala dariya.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Tun da muka binne shi ban yi masa kuka ba, ina tsoron kada ya zama a banza ya tafi. Tashi ka je, ɗana, ka ja mini yaran nan nesa kaɗan."

Na kwashe su muka nufi bakin ruwa. Ba mu yi nisa ba na fara jin kukanta.